Wasiƙa Mai Layi Uku

Tun ranar da Malam Hammadu ya ce ba zai ba Munzali aurenta ba sai ya zo da tsayayyen aiki, Nazifa ta daina kallon kalanda, ta koma kallon shinkafa.

Haka mahaifin nata ya yanke. Ranar da aka sa lauje a shinkafar rani ta Zauro, ranar zai ba iyayen Tamba amsa. Tamba ɗan amininsa ne, mai injin casar shinkafa a bakin titi, mutum marar hayaniya wanda ba a taɓa jin abin kunyarsa ba. Laifinsa ɗaya ne a wurin Nazifa: shi ba Munzali ba ne.

Baba bai taɓa cewa zai yi mata dole ba. Ita ce ta san ba za ta iya shiga ɗakin da babu albarkarsa ba.

Ranar Asabar da hantsi ta hau motar Argungu daga Birnin Kebbi, ta zaɓi bakin taga. Da suka iso Zauro ta jingina kanta da gilashi. Fadama ta shimfiɗe har iyakar gani, kore shar, injinan ban ruwa suna ta ƙugi, balbelu suna tsaye a kan kunya kamar an jera su. Sai dai zangarniyar ta fara sunkuyar da kai, gefenta ya soma yin ruwan ɗorawa.

Ta lumshe ido. Ta ga kanta a wani aji mai faɗi, tagarsa tana kallon ruwan da ba a ganin ƙarshensa, ga Munzali a ajin da ke maƙwabtaka yana zana da'ira a allo, muryarsa tana ratso bango.

"Argungu! A sauka lahiya!"

Muryar direba ce ta dawo da ita.

*

Bayan la'asar Munzali ya yi sallama a gidan Gwaggo Laure, yayar Baba. A nan kaɗai aka yarje musu su riƙa gaisawa, a gindin mangwaro, Gwaggo tana zaune nesa kaɗan tana gyaran kifi, kunnenta kuwa yana tare da su.

Munzali malamin lissafi ne, ɗan Gulma, dogo mai sanyin magana. Yana koyarwa a wata ƙaramar makarantar kuɗi wadda kowane zango ake raɗe-raɗin rufe ta. Wata biyar ke nan yana aika takardunsa ga kamfanonin da ke samar wa makarantun ƙasashen waje malamai. Duk amsar da ta zo ta imel sai ya kai shago a buga masa ita a takarda, ya adana a wani koren fayil.

"Malama, barka da hanya."

"Barka kadai, Malam. Yau ma da littafin mafarkin aka zo?"

"Ki yi ta dariya. Ranar da kika ga kanki cikin jirgi za ki nemi gafarata."

Ya buɗe fayil ɗin a kan tabarma, ya zaro ta sama da hannu biyu.

"Wagga daga Doha take. Saurari. Sun ce takarduna sun burge su ƙwarai da gaske. Sun ce irin gogewata abin alfahari ce. Sun ce sun adana sunana cikin kundinsu, da zarar gurbi ya samu za su tuna da ni."

"Yaushe?"

"Ba su sa rana ba. Amma dubi tsawonta, Nazifa. Shafi guda cur. Mutum ba zai zauna ya rubuta maka shafi guda ba in ba ya son ka."

Ta karɓa tana shafa takardar. Ita malamar Turanci ce a firamare, ta san kalmomin duka, amma duk lokacin da ya karanta mata su da muryarsa sai su zama wani abu daban, su zama gida mai farin fenti, da 'yar tukunyar fure a bakin ƙofa.

"Ta Kigali fa?"

"Su ma sun ce zaɓin ya yi musu wuya, don masu neman duk gwanaye ne. Kin ji? Har da ni cikin gwanayen. An ce garin duk tsaunuka ne, da safe hazon ruwa yana sauka har bakin taga. Zan saya miki rigar sanyi."

"Ni da ko fanka ba na so."

"To mu tahi bakin teku."

"Tekun ya kai kogin nan namu na Matan Fada?"

"Ke! Matan Fada ai randar Gwaggo ce a gabansa."

Gwaggo Laure ta ajiye wuƙa, ta ɗauraye hannu a ƙwarya.

"A bar randata ta huta. Kai Munzali, takardun ga naka guda nawa ne?"

"Goma sha huɗu, Gwaggo."

"Duk yabo?"

"Kusan duka."

"To cikinsu wa yat tambayi wanda yas san ka?"

Munzali ya ɗago kai. "Ban gane ba, Gwaggo."

Ta jawo kujerarta 'yar tsugunne ta matso, tana goge hannu da gefen zane.

"Aure talatin da ɗaya na shiga tsakani a garin ga. Na raka masu nema gidaje iri-iri. Wani gida in kun tahi, a shimfiɗa muku sabuwar tabarma, a dama hura da nono, uban yarinya ya yi ta yabon yaronku, ya ce ai kowa ya san gidanku, ya ce a ba su lokaci su yi shawara. In mun hito, maza suna murna, ni ko nakan ce su mance da gidan. Sallama ce aka yi muku da ladabi."

Nazifa ta ji takardar Doha ta yi nauyi a hannunta.

"Amma wani gidan," in ji Gwaggo, "ko ruwa da ƙyar. Uban ya tsuke fuska ya ce, ɗan wane ne? Wace unguwa? Wa zan tambaya halinai? Wanga shi ne mai niyya. Ba mai wahalar da kansa da bincike a kan wanda ba zai ba ɗiya ba."

Wata kaza ta zo tana leƙen ƙwaryar kifi, babu wanda ya kore ta.

A hankali Munzali ya kai hannu can ƙarshen fayil ɗin, ya zaro wata takarda a ninke. Har ya yi lissafin 'yan aji biyar a bayanta.

"Akwai wagga. Daga wata mata a kamfanin da ke nema wa wata makaranta malamai a Maskat, ƙasar Oman. Ko gaisuwar kirki babu. Na ɗauka zargina take da ƙarya."

Nazifa ta karɓa. Layi uku ne kacal. Ta fassara wa Gwaggo:

"Mun duba takardunka. Aiko mana da suna da imel na shugaban makarantar da ka fi daɗewa a ƙarƙashinsa. Muna bukatar shaidarsa kafin ranar Litinin, sannan mu sa maka ranar ganawa da makaranta."

Ta duba kwanan watan.

"Kwana takwas, Malam! Kwana takwas tana hannunka kana lissafi a bayanta? Litinin ɗin jibi ce!"

Ya sunkuyar da kai yana murza bakin tabarma.

Sai a lokacin ta gane. Shekara shida ya yi yana koyarwa a firamaren unguwar su Nazifa ta Nasarawa a Birnin Kebbi kafin ya dawo Argungu. A nan ta fara ganinsa. Hedimastan makarantar kuwa a duk shekarun nan, har ya yi ritaya, Malam Hammadu ne.

"Ka sani," ta ce a hankali. "Ba rashin gaisuwa ne ya hana ka ba."

"Na buɗe wayar ya fi sau goma." Idanunsa sun kaɗa. "Da wane hannu zan rubuta sunansa, Nazifa? Tun ranar da na fara tsayawa ƙofar gidanku ban ƙara kama sunan nan a bakina ba. In na hango shi a masallaci sai in canza sahu. Yanzu in ɗauki sunan in miƙa wa wata baƙuwa, in ce ta je ta tambaye shi ko ni mutumin kirki ne? Shi da ya ce ban isa ba tukuna?"

"Bai ce ba ka isa ba."

"To mi ya ce?"

Hawaye suka zubo mata. "Ya ce ka zo da aiki. Ga aikin ya ƙwanƙwasa ƙofa, ka ɓoye shi a bayan fayil. Ka san shinkafar Zauro ta fara ja? Na gan ta da idona yau."

"Gara in rasa aikin da in yi masa rashin kunya."

"Ni fa? Ni ma gara ka rasa ni?"

Ya jawo fayil ɗin ya rufe.

Gwaggo Laure ta buga cinyarta.

"Kai, ku isa haka nan, kun sa kifina ya yi sanyi. Kai kana kunyar suruki, ke kina kunyar uba. Ni ko na goya shi a bayana, na share mishi majina. Ke, karɓi wayar nan. Ni ka hwaɗi, ke ki danna."

Ta gyara zama, ta ɗaga murya kamar mai kiran yaro daga bakin rafi.

"Hammadu Dikko Nasarawa!"

Munzali ya rufe fuska da tafin hannu. Nazifa tana kuka tana dariya ta rubuta, ta ƙara da imel ɗin da ita da kanta ta buɗe wa Baba saboda harkar fansho. Ta miƙa wa Munzali wayar.

Ya daɗe yana kallonta kafin ya yi bisimilla ya aika.

*

Washegari Lahadi ta kamo hanyar gida. Ashe a Maskat Lahadi ranar aiki ce. Motar ba ta kai Zauro ba wayarta ta yi ƙara. Fom ne ya shigo akwatin imel ɗin Baba, mai tambayoyi bakwai.

Ta yi ta kallonsa.

Idon Baba ya yi rauni shekara biyu ke nan. Ita ke karanta masa saƙo, ita ke rubuta amsa. Bai ma san yadda ake buɗe akwatin ba. Ta san salon Turancinsa na tsofaffin malamai, ta san inda yake sa waƙafi. Kafin motar nan ta shiga Birnin Kebbi za ta iya cike bakwai ɗin, ta aika, babu wanda zai sani har abada.

Ta ɗora yatsa a kan tambaya ta farko. Teku ya dawo mata, shuɗi, da farin gida, da tukunyar fure.

Sai ta ga gidan babu ƙofar da Baba zai iya yin sallama a cikinta.

Ta kife wayar a cinya, ta juya ga taga. A gefen gabas na fadama, inda shinkafar ta riga nuna, mutane sun jeru sun duƙa, lauje yana walƙiya a rana. An fara yanka.

*

Bayan azahar ta same shi a rumfar tsakar gida, a kan buzunsa, rediyo tana magana ƙasa-ƙasa, tabarau a kan Alƙur'ani.

Ta durƙusa. "Baba, barka da hutawa."

"Barka, ɗiyata. Ƙaƙa Laure? Tana nan da bakin nata?"

"Tana gaishe ka."

"Madalla. Ki shirya ruwan sha da tabarmi. Iyayen Tamba na tahe bayan la'asar. An sa lauje yau."

Ta riƙe wayar da hannu biyu.

"Baba, akwai saƙo. Naka ne."

Ta gaya masa komai, ba ta rage ba. Takardu goma sha huɗu, da mai layi uku, da kwana takwas, da yadda Munzali ya kasa rubuta sunansa. Har abin da zuciyarta ta raya mata a mota ta faɗa.

Ya kashe rediyon.

"Oman," ya ce. "Na ce ya nemo aiki. Ina nuhin nan, Birnin Kebbi, ko Jega, ko Yawuri in ta yi nisa. Shi ne ya tsallake duk ƙasar ga ya nemo bayan teku?"

"Ya nema a nan, Baba. Shekara uku."

"Kalilu ma haka ya ce." Muryarsa ta dushe. "Wan naki ya ce shekara biyu zai yi ya dawo. Bana tara. Sai murya ranar Sallah, ita ma tana yankewa. Uwarku ta rasu tana tambaya ko ya iso tasha. Ke kaɗai kika rage mai shigowa ki ce Baba ka ci abinci. Tamba in ya ɗauke ki, ko tari na yi kina ji."

Kukan da take dannewa ya ƙwace.

"Baba, wallahi ban taɓa son in bar ka ba. Kullum in na yi mafarkin can, sai in ga na ware maka ɗaki. In ka ce Tamba, zan bi. Ba zan yi maka musu gaban mutane ba. Amma zuciyata ba za ta bi ni ba, kuma ba na son in yi maka ƙarya a kan wannan ma."

"In na yi shiru har gobe fa?"

"Za su ba wani."

"Ba wanda zai ce na yi laihi."

"Babu, Baba."

Ya daɗe yana kallon bangon da inuwar darbejiya ke rawa a kai. Ta ji tattabarun maƙwabta suna kuka, ta ji mai tallar mangwaro ta wuce a waje.

"Da kin cike shi da kanki," ya ce, "da kin huta."

"Da sunanka ne zai yi ƙarya, ba nawa ba."

Ya miƙa hannu ya ɗauki tabaraunsa ya sa, ko da yake ba karatu zai yi ba. Ya gyara zama irin na ofis, bayansa a miƙe. Nazifa ta ga hedimastan da take tsoro tana 'yar aji uku.

"Karanto."

Ta share ido. "Shekara nawa ya yi a ƙarƙashinka?"

"Shida da wata huɗu."

"Yaya zuwansa aiki?"

"Rubuta: shekarar da ruwa ya ci hanya yana hutu a Gulma, da kwalekwale ya hito, ya iso aji da wando jiƙe har gwiwa, bai makara ba."

Ta juya shi zuwa Turanci, yana gyara mata kalma ɗaya-ɗaya.

"Yaya koyarwarsa?"

"Rubuta: yaron da ya kasa gane kashi-kashi, albasa yake sa a kawo, a yanka gaban aji, rabi, rubu'i, har yaro ya gane yana hawaye yana dariya. Ban taɓa ganin bulala a hannunai ba."

Murmushi ya suɓuce mata cikin kuka.

"Sun ce a faɗi rauninsa."

"Awo, yana da shi. Rubuta: bai iya roƙo ba. Alli ya taɓa ƙare mishi mako guda, maimakon ya zo ofishina sai ya kwashe yara zuwa gindin bishiya suna rubutu a ƙasa. Duk wanda zai ɗauke shi ya riƙa tambayarsa mi yake bukata, don shi ba zai hwaɗi ba."

Ta biyar da ta shida suka wuce. Ladan ya kira la'asar. Baba bai motsa ba.

"Saura nawa?"

"Ɗaya."

Ta karanta ta a zuci, ta sake karantawa.

"Ina jin ki."

"Sun ce..." Ta ɗago ta dube shi. "Sun ce, da ɗanka ne na cikinka, za ka yarda ka damƙa shi a hannun wannan malami, hankalinka kwance? Eh ko a'a."

Baba ya cire tabarau. Ya goge shi da bakin riga, ya sake gogewa, ko da yake babu komai a jikinsa.

"Su wa suka koya wa mutanen ga bincike?"

Ta ɗora yatsa a kan wayar tana jira.

A waje aka ji tsayuwar mota, aka ji rufe ƙofofi, da muryoyin dattawa suna gyaran murya a bakin zaure.

"Salamu alaikum!"

Baba ya dubi ƙofa, ya dubi 'yarsa.

"Shekara talatin da biyar ina sa hannu a takardun mutane, ban taɓa shaidar zur ba. Rubuta eh."

Ta danna eh.

"Baba, wannan ta makaranta ce kawai. Ba su ce sun ɗauke shi ba. Ganawa ce za su..."

"Na ji." Ya dafa gwiwa ya miƙe, ya laluba takalmansa da ƙafa. "Su ɗauka ko su bari, wannan nasu ne. Ni dai an tambaye ni, na amsa. Ba ni da amsa biyu, ɗaya ta mutanen Oman ɗaya ta cikin gidana."

"Salamu alaikum, Malam na ciki?"

"Wa alaikumus salam! Ga ni tahe!"

Ya yi taku biyu ya tsaya, bai juyo ba.

"Ki kira Laure. Ki ce dattawan Gulma su zo ranar Jumu'a. Kuma ki ce wa wancan marar bakin, ɗakin da kika ce kin ware mini, ina son tagarsa ta kalli alƙibla."

Ya ɗaga labulen zaure ya shiga wurin baƙinsa.

Nazifa ta zauna a kan buzun da ya tashi, da sauran ɗuminsa. Ta ji muryarsa daga zaure yana jan gaisuwa, yana yabon Tamba, yana cewa a kawo wa baƙi sabuwar tabarma.

Ta danna aikawa, sannan ta tashi ta je dama fura.